RA'AYINMU: Kafin A Kama Hayar Rumfa A Intanet, A Duba Wa Ke Riƙe Da Makulli

A 'yan shekarun nan wata sabuwar magana ta shiga bakin 'yan kasuwarmu na Malanville da Gaya da Kamba, wato maganar buɗe shago a intanet. Da yawa daga cikin alhazai da hajiyoyin da ke harkar albasa, shinkafa, masara, gari, manja, atamfa da gwanjo sun sha ganin matasa suna zuwa musu da waya ko kwamfuta a hannu, suna cewa a kawo kuɗi kaza su buɗe shafi, ta yadda mai saye daga Kwatano ko Yamai ko Kano zai ga kaya ya yi ciniki ba tare da ya tako ƙafarsa kasuwa ba. Wasu sun karɓi tayin, wasu suna nan suna jinjina shi, wasu kuwa sun riga sun biya har sun fara cizon yatsa.

Babu wanda zai zargi ɗan kasuwar kan iyaka idan ya nemi wata ƙofa ta biyu. Kowa ya tuna yadda Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020. Kowa kuma ya ga abin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023, lokacin da takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sa aka toshe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi jerin gwano na kilomitoci a bakin hanya, kaya suka lalace a cikinsu, jama'a suka koma tsallaka kogin Kwara a kwalekwale. Ko da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe, kaya masu yawa kuma suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Kasuwar da ake ɗauka ita ce ta biyu a girma a duk ƙasar Benin bayan Dantokpa ta ji wannan bugun a jikinta, kuma wanda ya rasa masu sayen da suka saba zuwa rumfarsa dole ya nemi hanyar da zai riƙa gana wa da su ko da daga nesa ne.

Don haka mu a wannan jarida ba mu adawa da buɗe shago a intanet, hasali ma muna ganin alheri a cikinsa. Abin da ke damunmu shi ne tambayar da akasarin 'yan kasuwa ke yi kafin su biya, wadda ba ta wuce "nawa ne?" ba. A ganinmu wannan ita ce tambaya ta ƙarshe da ya kamata a yi. Ta farko ita ce, da sunan wa za a rubuta wannan shago, wa ke riƙe da makullinsa, kuma ranar da aka saɓa ko aka samu matsala, ta yaya zan kwashe kayana in koma wani wuri? Mutumin da ya ga an rufe masa gada da kwantena ya fi kowa cancantar ya tambayi hanyar fita tun kafin ya shiga.

Ya kamata a fara fahimtar abin da ake saye, domin a nan ne ake yawan yi wa mutane rufa-rufa. Shago a intanet abubuwa uku ne daban-daban, ko da yake sau da yawa akan haɗa su a rasit guda. Na farko shi ne suna, wato adireshin da mai saye zai rubuta ya iso gare ka, wanda ke ƙarewa da .bj ko .ne ko .ng ko .com. Wannan suna ba a sayensa dungurungum, rajistarsa ake yi ana sabuntawa shekara-shekara. Na biyu shi ne masauki, wato wani ɗan fili a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, inda hotunan kayanka da farashinsu da sunayen masu sayenka za su zauna. Kamfanin da ke ba da hayar wannan fili shi ne wanda ake kira hébergeur da Faransanci, mu kuwa bari mu kira shi mai masauki. Na uku shi ne magini, wato matashin ko kamfanin da zai tsara shafin ya jera kayan. Mutum ɗaya zai iya yi maka hidimar duka ukun, amma dole ka san cewa uku ne, kuma kowanne yana da nasa makulli.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Tun zamanin da fatake ke tasowa daga Kano da Sakkwato su ratsa ƙasar Dendi su tsallaka Kwara, su bi ta Kandi da Djougou har Salaga neman goro, babu madugun da ke sauke ayarinsa a zango sai ya san fatoman da zai sauka a gidansa. Fatoma ne ke ba da ɗaki, ya adana kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya a matsayin shaida idan an yi bashi. Ba a zaɓensa don gidansa ya fi araha, ana zaɓensa ne don an san asalinsa, an san ba ya cin amana, an san kuma idan baƙo ya ce zai tashi ba zai riƙe masa kaya ba. Mai masaukin intanet fatoma ne na wannan zamani, bambancin kawai shi ne ba ka ganin fuskarsa, gidansa kuma yana iya kasancewa a Faransa ko Amurka. Wannan ya sa binciken da za a yi a kansa ya kamata ya fi na da tsanani.

Abu na farko da za a tsaya a kai shi ne suna. Abin da ya fi faruwa shi ne, magini ya karɓi kuɗin Alhaji ya je ya yi rajistar sunan shagon da nasa sunan, da nasa imel, da tasa lambar waya, ba lallai da mugun nufi ba, sau da yawa don hakan ya fi masa sauƙi. To amma a idon kamfanin da ya yi rajistar, wanda sunansa ke rubuce shi ne mai abu. Ranar da maginin ya tafi karatu Parakou, ko ya samu aiki a wata ƙasa, ko ya ɓatar da wayarsa, ko aka yi saɓani a kan kuɗi, Alhaji zai wayi gari ya ga sunan da ya buga a jikin buhuna da motoci da allon rumfarsa ba nasa ba ne. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Shawararmu ita ce kada a biya ko dala ɗaya sai an zauna tare an cika takardar rajistar da sunan mai shago ko sunan kamfaninsa kamar yadda yake a takardunsa na RCCM da IFU, da imel ɗin da shi kansa ke da kalmar sirrinsa, da lambar wayar da ke cikin aljihunsa.

Dalilin da ya sa muka nace a kan imel da lambar waya shi ne yadda sabunta rajista ke tafiya. Ga sunayen da ke ƙarewa da .com, ƙa'idar hukumar ICANN mai kula da tsarin sunaye a duniya ta wajabta wa kamfanin rajista ya aika da tunatarwa kimanin wata ɗaya kafin wa'adi ya cika, ya sake aikawa kimanin mako ɗaya kafin ranar. Wannan saƙo yana zuwa ne ga imel ɗin da aka rubuta, ba ga wanda ya biya kuɗi ba. Idan wa'adi ya wuce ba a sabunta ba, shafin zai daina buɗewa, daga baya a shiga wani zango na kwana 30 wanda ba a fanso sunan a cikinsa sai da tara mai tsada, bayan nan kuma a sake shi kasuwa, duk wanda ya riga ya kama. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su jira suna ya faɗi su saye, su dawo su sayar wa mai shi da ninkin-ba-ninkin. Mafi muni shi ne ɗan damfara ya kama sunan ya ci gaba da karɓar kuɗin masu sayenka da sunanka, kai kuma a zo ana neman kaya a rumfarka.

A nan ma muna tunatar da waɗanda suka buɗe shafi tun da daɗewa cewa daga ranar 30 ga Nuwamba, 2024, lambobin waya a Benin sun tashi daga alƙaluma 8 zuwa 10, an ƙara 01 a gabansu. Duk wanda tsohuwar lambarsa ce ke rubuce a wurin mai masauki ko kamfanin rajista, ya shiga ya gyara tun kafin ranar da zai manta kalmar sirri a aika masa da saƙon tabbatarwa ya ƙi isowa. Kazalika ya kamata a rubuta sunan kamfanin da kalmomin sirri da ranar sabuntawa a takarda, a adana inda ake adana takardun gida da na fili, a kuma sanar da wani amintacce cikin iyali. Rai na hannun Allah, kuma shagon da ke kawo ciniki yana cikin dukiyar da magada za su nema.

Game da wane irin suna za a zaɓa, kowanne yana da nasa amfani. Sunan .bj na ƙasar Benin ne, yana ƙarƙashin kulawar hukumar ARCEP, kuma yana nuna wa mai saye cewa ɗan ƙasa ne yake hulɗa da shi, idan an samu rigima kuma akwai hukumar da za a iya kai kuka gare ta a cikin gida. Sunan .ne na Nijar ne, .ng kuwa na Nijeriya ne wanda ƙungiyar NiRA ke gudanarwa. Wanda cinikinsa ya ratsa ƙasashen uku yana iya ganin .com ya fi masa, tunda ba ya jingine da ƙasa ɗaya. Abin da muke gargaɗi a kansa shi ne sunan kyauta. Shekaru da dama wani kamfani mai suna Freenom ya yi ta raba sunaye kyauta masu ƙarewa da .tk da .ml da .ga da .cf, mutane da yawa a Afirka suka gina shafukansu a kai. A 2023 kamfanin ya daina karɓar sabuwar rajista bayan da kamfanin Meta ya maka shi kotu, a 2024 kuma ya sanar da ficewarsa daga harkar baki ɗaya, shafuka masu ɗimbin yawa suka ɓace. Wanda bai biya ba ba shi da bakin magana, banza kuma ba ta kai zomo kasuwa.

Haka nan a tambayi kamfanin tun farko, idan na so in mayar da sunana wani kamfani, za ku ba ni lambar sirrin canja wuri, kuma cikin kwana nawa? Wannan lamba haƙƙin mai suna ce, ba alfarma ba ce. Kamfanin da ya fara kame-kame a kan wannan tambaya ya riga ya gaya maka halinsa. Masu hangen nesa ma sukan yi rajistar suna a wani kamfani su kama masauki a wani daban, domin idan masaukin ya lalace sai kawai su juya sunan ya fuskanci sabon gida, masu saye ba su ma san an yi ƙaura ba.

Abu na biyu shi ne kwafin ajiya. A daren 10 ga Maris, 2021, gobara ta tashi a cibiyar kwamfutocin kamfanin OVH da ke birnin Strasbourg na ƙasar Faransa, ɗaya daga cikin manyan masu ba da masauki a Turai, wanda magina shafuka da yawa a ƙasashenmu masu amfani da Faransanci ke hulɗa da shi. Gini ɗaya ya ƙone ƙurmus, wani ya ƙone a sashe, miliyoyin shafuka suka ɗauke a lokaci guda. Waɗanda suke da kwafin bayanansu a wani wuri sun farfaɗo cikin kwanaki. Wasu kuwa sun tarar cewa kwafin da suke biyan kuɗinsa yana cikin wurin da ya ƙone, komai ya tafi. A 2023 kotun kasuwanci ta birnin Lille ta umarci kamfanin ya biya wasu daga cikinsu diyya, amma diyya ba ta dawo da littafin bashi, kuma ba mu ga ɗan kasuwar Malanville da zai iya ɗaukar lauya ya je shari'a a Lille ba.

Ba mun kawo wannan misali don mu ce wancan kamfani ya fi sauran muni ba ne. Mun kawo shi ne don a gane cewa idan babba irin wannan zai iya ƙonewa, to babu wanda ya fi ƙarfin ƙaddara. 'Yan kasuwarmu sun san gobarar kasuwa, kuma sun san mai hankali ba ya tara kayansa duka a mangaza ɗaya. Saboda haka a tambayi mai masauki, sau nawa kuke ɗaukar kwafi, a ina kuke ajiye shi, kwana nawa yake yi kafin ku goge, kuma nawa za ku caje ni ranar da na nemi a dawo mini da shi? Bayan an ji amsa kuma kada a dogara da ita kaɗai. A sa magini ya riƙa sauko da cikakken kwafin shagon aƙalla sau ɗaya a wata, ya zuba a 'yar ma'ajiyar da ake sokawa a kwamfuta ya miƙa wa mai shago hannu da hannu. A kuma gwada shi ko sau ɗaya a ga yana buɗewa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na uku shi ne inda kwamfutar take. Intanet ba iska ba ce, waya ce da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku da ƙarƙashin ƙasa, kuma tana tsinkewa kamar yadda hanya ke yankewa. A ƙarshen watan Yuli na 2009, lalacewar wayar SAT-3 da ke sauka a Kwatano ta jefa Benin da Togo da Nijar cikin duhu, Nijeriya ma ta rasa kaso mafi yawa na hanyarta. Nijar ta shiga ciki ne saboda a lokacin ta Benin hanyarta ke bi, kamar dai yadda kayanta ke bi. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke gaban Cote d'Ivoire, kuma Benin tana cikin ƙasashen da abin ya fi shafa. An ɗauki makonni kafin a kammala gyara.

Darasin da ke ciki shi ne babu wurin da ya tsira gaba ɗaya. Idan kwamfutar tana Turai aka yanke wayar teku, mai saye na Kandi ko Parakou zai sha wuyar isa gare ka. Idan tana cikin gida, wanda ke waje ne zai sha wuya. Don haka kowa ya dubi inda akasarin masu sayensa suke kafin ya yanke shawara. A kuma sani cewa da yawa daga cikin masu tallar masauki a biranenmu ba su da kwamfutar kansu, sari suke yi daga manyan kamfanonin waje su sayar da ɗai-ɗai. Wannan ba laifi ba ne, dillanci sana'a ce da muka gada, kuma dillalin da ke kusa wanda za ka iya zuwa ofishinsa ka biya shi da sefa yana da amfaninsa. Laifin shi ne ya ɓoye. A tambaye shi kai tsaye, kwamfutar taku ce ko ta wani, a wace ƙasa take, kuma idan kun rufe ofis gobe ina makomar shafina?

Za a ga kamfanoni suna alfahari da cewa shafinsu yana aiki kashi 99 ko 99.9 cikin ɗari na lokaci. Ɗan kasuwa ya yi lissafi da kansa. Shekara tana da awa 8,760. Kashi 99.9 yana nufin sun yarda shagonka ya rufe kusan awa 9 a shekara, kashi 99 kuwa yana nufin fiye da kwana uku da rabi. Idan waɗannan kwanaki suka faɗo a makon sallah ko a tsakiyar kakar albasa, asarar ba ƙarama ba ce. Gwajin da ya fi duk wani alkawari shi ne a nemi kamfanin ya nuna shafuka biyu ko uku na mutanen da yake yi wa aiki, a buɗe su da waya mai araha a tsakiyar kasuwa ranar da ta cika, a layin MTN da na Moov da na Celtiis, a kuma sa wani a Gaya ko Kamba ya gwada ta can. Masu sayenmu da waya suke shiga, da kuɗin data da suka ƙirga, shafin da ya cika nauyi da manyan hotuna kuma za su bar shi tun bai gama buɗewa ba.

Abu na huɗu shi ne kuɗi, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Dabarar da ta zama ruwan dare a wannan harka ita ce a karya farashin shekarar farko, idan mutum ya zauna ya saba sai kuɗin sabuntawa ya tashi. Saboda haka farashin da za a tambaya shi ne na shekara ta biyu da ta uku, a rubuce, tare da abin da ke ciki da abin da ba ya ciki. A kuma duba da wane kuɗi za a biya. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957 tun 1999, don haka mai biya da sefa ko yuro ya san abin da zai fitar baɗi. Dala kuwa hawa take da sauka. 'Yan'uwanmu na ɓangaren Nijeriya sun ɗanɗana wannan, domin kafin watan Yuni na 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu na 2024 ta haura 1,500, ga shi kuma a tsakanin 2022 da 2025 bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira wajen biyan kuɗi a waje. Wanda ba shi da hanyar biya ranar sabuntawa, shagonsa ya rufe ko da kuɗin na aljihunsa.

Sai kuma hanyar karɓar kuɗi daga mai saye. Shagon da ba ya karɓar abin da mutane ke riƙe da shi allon talla ne kawai. A Benin mutane MTN MoMo da Moov Money da Celtiis Cash suke amfani da su, kuma akwai kamfanonin cikin gida irin su FedaPay da KKiaPay da ke haɗa shafi da waɗannan hanyoyi. A Nijeriya akwai irin su Paystack da Flutterwave, a Nijar kuwa jama'a sun saba da Airtel Money da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana. A tabbatar masaukin da tsarin da aka gina shagon a kai za su iya ɗaukar hanyar da ake bukata tun kafin a biya. Sama da komai, asusun da kuɗin ciniki zai riƙa faɗawa ya zama da sunan mai shago. Wannan ba abin da za a yi kunya a kansa ba ne.

Abu na biyar shi ne wanda zai amsa kira. Matsala ba ta sallama, takan zo ne da dare ko ranar hutu. Kafin a biya, a aika wa kamfanin da tambaya ranar Asabar da yamma a ga lokacin da zai amsa, da harshen da zai amsa da shi, da kuma ko mutum ne ko na'ura. Kamfanin da ya yi jinkirin amsa maka lokacin da yake neman kuɗinka, ba zai yi sauri ba bayan ya karɓa.

Kada kuma a manta da doka. Benin tana da dokar harkokin zamani mai lamba 2017-20 ta ranar 20 ga Afrilu, 2018, wadda ta tanadi ƙa'idojin ciniki ta intanet da na kare bayanan mutane, hukumar APDP kuma ita ke sa ido a kan wannan ɓangare na biyu. Nijar tana da hukumar HAPDP, Nijeriya ma ta kafa tata dokar a 2023. Ma'anar wannan ita ce sunaye da lambobin waya da adireshin masu sayenka amana ce da doka za ta tambaye ka a kanta, ko da kwamfutar tana wata ƙasa. Mafi ƙarancin abin da za a nema shi ne ɗan kwaɗon nan da wasu manhajojin shiga intanet ke nunawa a gefen adireshi, wanda ke nuna an kulle hanyar da bayanai ke bi. Akwai ƙungiyar Let's Encrypt da ke bayar da shi kyauta, masu masauki na kirki kuma sukan haɗa shi cikin haya. Wanda ya ce sai an biya shi kuɗi mai yawa a kan wannan, a nemi bayani.

Wani zai ce, to me ya kai ni wannan wahala alhali ga Facebook da WhatsApp kyauta, ga kuma manyan kasuwannin intanet da za su tallata mini kaya? Amsarmu ita ce a yi amfani da su, amma a san rumfar wani ce. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duk duniya na kusan awa shida, babu wanda aka nemi izininsa. A 2019 kamfanin Afrimarket da ke aiki a Benin da wasu ƙasashen yankin ya durƙushe, a shekarar ce kuma Jumia ta tattara nata ya nata ta bar Kamaru da Tanzaniya. Duk wanda cinikinsa ya rataya a kansu kaɗai, ranar ya koma farko. Duk da haka gaskiya ce cewa ba kowa ne ke bukatar shafi ba. Mai sarin albasa da ke da amintattun masu saye goma da ya san su ya san iyayensu, WhatsApp Business da littafin da ya rubuta lambobinsu sun ishe shi, kada a ruɗe shi ya kashe kuɗi a kan abin da zai zama kwalliya. Shafi yana da amfani ne ga wanda ke neman sababbin masu saye, yake da kaya iri-iri masu tsayayyen farashi, yake kuma da wanda zai riƙa kula da shi kullum.

Muna sane da cewa wasu matasanmu masu wannan sana'a za su ga kamar muna ɓata musu kasuwa. Ko kaɗan. Yawancinsu 'ya'yanmu ne masu neman halal, kuma mun fi son kuɗin ya tsaya a hannunsu da ya tafi waje. Amma rubutu ba ya ɓata amana, kare ta yake yi. Maginin da ya rubuta wa Alhaji yarjejeniya, ya sa sunansa a rajista, ya miƙa masa makullansa, shi ne wanda Alhaji zai kai wa abokansa goma. Wanda ya riƙe makulli don kada a guje shi, ya ci na yau ne ya rasa na gobe, ya kuma shafa wa sauran abokan sana'arsa baƙin jini.

A ƙarshe muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Malanville da Gaya da Kamba da su ɗauki wannan batu da muhimmanci, su tanadi gajeriyar takardar yarjejeniya ta bai-ɗaya da Faransanci da Hausa wadda kowane mamba zai riƙa amfani da ita, su kuma riƙa tattara labarin kamfanonin da suka cika alkawari da waɗanda suka saɓa, kamar yadda fatake ke yi wa juna bayanin fatoma a kan hanya. Muna kira ga majalisar 'yan kasuwa da masana'antu ta Benin da hukumar ARCEP da magajin garin Malanville da su kawo wayar da kai har cikin kasuwa, da Hausa da harshen Dendi da Zabarmanci, domin tazarar fiye da kilomita 700 da ke tsakaninmu da Kwatano bai kamata ta hana ɗan kasuwar arewa sanin haƙƙinsa ba. Kamfanonin masauki na cikin gida kuma, idan suna son wannan kasuwa, su ajiye wanda zai amsa waya da harshen da mai biyansu yake ji.

Ga ɗan kasuwa kuwa, maganar ba ta da tsawo. Suna ya zama naka a rubuce, kwafi ya zama a hannunka, kuɗin ciniki ya faɗa asusunka, ka san farashin baɗi, ka kuma san ta inda za ka fita. Idan waɗannan biyar suka cika, sai a zauna a yi cinikin farashi, kuma a nan mun san babu mai koya muku. Allah Ya buɗe hanyoyi, Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.